Wutar Kawu

Wanda bai taɓa yin lokacin sanyi a Guangzhou ba zai ɗauka ƙari nake yi. Ƙanƙara ba ta sauka, iska ma ba wata mai ƙarfi ba ce. Sanyi ne mai laima, ya bi bango yana tsattsafowa, ya shiga katifa, ya shiga ƙashi ya yi zamansa. Ka wanke safa ranar Litinin, ranar Alhamis tana nan a jiƙe tana bashi. Gidajensu kuwa ba a gina su da tunanin ɗumi ba. Mutanen garin sai su jibga riga a kan riga su zauna cikin ɗaki a takure, su dai sun saba.

Mu huɗu ne a hawan ƙarshe na wani tsohon bene a lungunan bayan tashar jirgin ƙasa, shekara biyu ko uku kafin a shiga dubu biyu. Akwai ni, mai sayen takalma a kasuwar Zhanxi ina turawa Kano. Akwai wani mutumin Kumasi mai harkar loda kwantena, bakinsa ba ya gajiya da tsokana. Akwai wani mutumin Damagaram mai sayen yadi, wanda sai ka wuni da shi ba ka ji muryarsa sau uku ba. Sai Kawu, wan mahaifiyata. Shi ya fara zuwa garin tun ba a san Hausa a cikinsa ba, shi ya kama gidan, shi ya ɗauko ni daga Kano ya riƙe hannuna ya zaga da ni shago-shago yana cewa wannan ɗana ne. Kalmar lawban, wato maigida, da meyo, wato babu, duk a bakinsa na koya.

Kafin wannan sanyin da nake magana, yanar ido ta fara rufe masa gani. Ya ɓoye iya ɓoyewa, har ranar da aka yi masa saƙon baƙin takalmin makaranta ya je ya nuna shuɗi mai duhu da yatsansa, aka loda, aka kai Kano. Ba wanda ya ce masa ya daina zuwa kasuwa. Saƙon mutane ne kawai ya daina zuwa da sunansa ya koma zuwa da nawa. Ni kuma na karɓa, ban ko yi kara ba.

A tire ɗaya muke cin abinci, mu huɗun. Wata rana muna ci mutumin Kumasi ya ce, “Baba, kai yanzu ka yi ritaya ke nan. Zauna ka ci, yara na aiki.”

Kawu ya tsame hannunsa daga tiren. Ya ce, “Ranar da na ci abincin gidan nan ban yi masa aiki ba, ranar zan haɗa jakata. Ban zo duniya a ciyar da ni ba.”

Muka yi dariya, ya mayar da hannunsa. Na ji maganar da kunnena, ina zaune kusa da shi har gwiwarmu na haɗuwa. Ba zan iya cewa ban ji ba.

Aikin da ya kama wa kansa shi ne wuta. Ya samo rabin duro aka yanka masa ƙofa a gefe, aka ɗora faifan ƙarfe a sama, aka ja bututu ta taga. Itacensa katakon akwatunan kaya ne da ake fasawa a zubar a bayan manyan shagunan Zhanxi. Kullum da hantsi sai ya fita da igiya a kafaɗa. Masu dako sun san shi, har ware masa busasshe suke yi. Ya ɗauro, ya hawo da shi bene hawa biyar yana tsayawa a kowane hawa, ya baje a saman rufi. Sai ya zauna da guduma yana laluben ƙusa da yatsa yana cirewa, yana miƙe ta, yana jefawa a gwangwanin madara. Wannan aikin ba ya buƙatar ido, hannu ne ke gani.

In mun dawo da la'asar, ƙafafu sun yi tsami, hanci na yoyo, sai mu tarar ɗaki ya yi ɗumi. Butar shayi na kan faifan tana tafasa da citta da kanumfari, ruwan alwala mai ɗumi na gefe, safarmu da ya tattaro na rataye a igiya sun bushe ƙayau. Shi kuma yana kan kujerarsa ta tsuguno a bakin murhun, yana tura katako, yana tambayar kowa abin da kasuwa ta yi. A nan yake gaya mini wane lawban ne ke canza tafin takalmi bayan an gama ciniki. Har mutanen wasu gidajen sukan biyo su ɗan ji ɗumi, kuma duk wanda ya shigo shi yake fara gaisarwa, don wurin nasa ne.

Abin da ya dame ni shi ne wari. Hayaƙin katako yana kama tufa, musamman katakon da aka yi wa fenti. Wata rana a wani shago yarinyar da ke rubuta mini takarda ta ɗan ja baya ta toshe hanci da bayan hannu, ta ce wa 'yar'uwarta wani abu, suka yi dariya. Ina fita na ci karo da mutumin Kumasi, na ba shi labari, sai ya shinshina kafaɗata, ya kira ni da sunan da ya laƙaba mini, ya ce, “Massa, ai gaskiyarta. Kana wari kamar mai tsire.” Shekarata talatin da ɗaya a lokacin, na fara sa kwat, na fara jin kaina. Abin ya tsaya mini a rai kwana da kwanaki.

Ba da daɗewa ba na ga injin. A wani ɗakin nuna kaya ne wajen unguwar Liuhua, na wani lawban mai ƙera kayan ƙarfe yana fitarwa ƙasashen sanyi. Baƙin akwati ne mai kai wa ƙugu, da gilashi a gaba. Ba itace yake ci ba, wasu 'yan ƙwayoyi ne na garin katako da aka matse, kamar kashin akuya. Ka buɗe sama ka zuba, ka jona a wuta, ka danna. Wani ƙarfe mai murɗiya ya riƙa turo su kaɗan-kaɗan, fanka ta huro ɗumi. Babu hayaƙi a ɗaki, babu toka sai 'yar kaɗan. Samfuri ne da ya rage bayan baje koli, lawban ya gaji da ganinsa, ya haɗa mini da buhu takwas na ƙwayoyin. Ban tambaye shi inda ake samun na tara ba.

Da na kawo maganar gida ban ce wari ba. Cewa na yi saboda idon Kawu ne, hayaƙi na ƙara lalata shi, kuma bai kamata dattijo kamarsa ya riƙa hawa bene da itace a ka ba, mutane na ganinmu. Har ni kaina na so in yarda da maganar. Mutumin Kumasi ya tafa ya ce ci gaba ya zo. Mutumin Damagaram ya gyaɗa kai. Ina faɗin wannan ne don daga baya dukansu sun yi kamar ba sa nan aka yi.

Kawu ya ce, “Idona ai ya riga ya tafi, ɗan nan. Hayaƙi bai same shi a gida ba.”

Na ce, “Duk da haka, Kawu, ku huta. Kun yi mana iya yi.”

Ranar da aka kawo injin, shi da kansa ya kwashe tokar duron, ya share wurin. Mai sayen tsohon ƙarfe yana wucewa da kekensa yana kaɗa ƙararrawa, na leƙa na kira shi, ya hawo ya ɗauki duron da faifan ya tafi. Kawu yana tsaye yana jin ƙarar duron na bugun matakala har ƙasa.

Gaskiya injin ya yi ɗumi, ba zan yi masa ƙarya ba. Kwatina ya daina wari. Amma samansa murfi ne, ba ya zafi, ba inda za a ɗora buta, don haka shayi ya koma butar lantarki, kowa ya dafa nasa. Wutar tana bayan gilashi, ba a tura mata komai, ba a gyara ta. Madannansa ƙanana ne, rubutun jikinsu ko mai ido sai ya sunkuya. Ni nake kunnawa da safe in kashe in za a kwanta. Kujerar Kawu tana nan a wurinta, yana zama a kai, hannuwansa a kan gwiwa. Baƙin da ke biyowa suka zo sau ɗaya suka kalli injin, suka yaba, suka daina zuwa.

Azumi ya kama a cikin wannan sanyin. Na lura Kawu ya rage ci. In an ajiye tire bayan magariba sai ya yi loma uku ya ce ya ƙoshi. Ya nemi ya karɓi girki, mutumin Damagaram ya hana, don ya taɓa zuba sukari a miya. Ya nemi wanke-wanke, na ce Allah ya kiyaye kawuna ya wanke mini kwano. Duk ƙofar da ya taɓa sai mu rufe ta da ladabi.

Wata safiya na same shi yana ɗaga buhunan ƙwayoyin ɗaya bayan ɗaya yana jin nauyinsu. Ya ce, “In waɗannan suka ƙare fa?”

Na ce, “Akwai a wurin lawban, Kawu. Kar ku damu.”

Ya ce, “Ka tambaye shi?”

Na ce na tambaya. Ban tambaya ba, ina sauri ne.

Daga ranar sai na riƙa ganin yanka a yatsunsa, yau a babban yatsa, gobe a manuni, ya ɗaure da tsumma. Na tambaya ya ce ba komai. Ashe in mun fita sai ya hau saman rufi inda ragowar katakonsa yake, ya zauna da wuƙa a cikin wannan iskar, da azumi a bakinsa. Ya ɗauki ƙwaya ɗaya ya sa a aljihu ta zama ma'auninsa. Ya tsaga katako siri-siri, ya yayyanka, ya gwada kowane guntu da ita a tsakanin yatsu, wanda ya yi tsawo ya rage shi. Kwana tara yana wannan aikin, har ya tara rabin buhu. A ganinsa tunda injin katako yake ci a ƙananan loma, to shi zai yanka masa lomar.

Rana ta goma muka dawo daf da shan ruwa, mu uku tare. Tun daga matakala na ji ƙauri kamar na waya. Muka shiga, ɗaki ya yi sanyi ƙalau, injin na gurnani yana tsayawa, gilashin ya yi baƙi. Na buɗe murfin na ga guntayen farin katako cike da shi, sun cushe ƙarfen nan mai murɗiya. Kawu na tsaye a gefe da buhunsa a hannu. Ya fara cewa, “Na ga kamar girmansu ɗaya ne, na auna...”

Ban bar shi ya ƙarasa ba. Ga yunwa, ga gajiya, ga mutane biyu na kallona da injina da na cika baki a kansa. Na ɗaga murya a kan wan mahaifiyata, abin da ban taɓa yi ba. Na ce, “Kawu, wa ya sa ku? Don girman Allah ku daina taɓa shi! Ba a buƙatar komai daga gare ku a gidan nan. Ku zauna ku ci abinci kawai, shi ke nan!”

Mutumin Kumasi mai baki ya sunkuyar da kai yana gyara agogonsa. Kawu ya ajiye buhun a hankali ya jingina shi da bango. Ya ce, “To.”

Lokacin shan ruwa ya yi. Ya ciro dabino daga jakarsa, cikin wanda ya zo da shi daga gida, ya ci uku, ya sha ruwan famfo. Aka yi salla, shi ya ja mu kamar kullum, muryarsa ba ta canza ba. Aka ajiye tire, shinkafa da miyar kaza. Muka zauna, wurinsa na nan a buɗe kusa da ni. Ya ce mu ci, shi alhamdulillahi.

Washegari mai gyara ya zo ya kwance injin ya zazzage guntayen, injin ya tashi kamar ba a yi komai ba. Gyaran bai kai awa ɗaya ba. Kawu kuwa bai sake sa hannu a tiren nan ba. Da yamma sai ya lallaba ya sauka wurin Musulmin Sin masu taliya a bakin lungu ya sayo burodinsu guda biyu da kuɗinsa, ɗaya na buɗa baki ɗaya na sahur. Na durƙusa a gabansa na ba shi haƙuri, ba sau ɗaya ba. Na ce sharrin shaiɗan ne, na ce azumi ne. Ya dafa kaina ya ce, “Tashi, ɗan nan. Ba ka yi laifi ba, gaskiya ka faɗa. Na daɗe da sani, ina jiran wanda zai faɗa ne.” Da zagina ya yi da ya fi mini sauƙi. Magana zarar bunu ce, na sani tun ina yaro, amma sanin bai hana ni zarowa ba.

Ya ce yana son ya yi ƙaramar salla a gida Kano. Na raka shi tasha da jakarsa guda ɗaya, bayan shekarun da ya yi a garin. Masu dakon Zhanxi biyu suka hango shi a hanya suka ɗaga masa hannu suna nuna masa tarin katako da suka ware masa. Bai gan su ba, ni kuma ban gaya masa ba.

Kwana shida da tafiyarsa buhu na takwas ya ƙare. Na tafi Liuhua da ƙarfin gwiwa. Lawban ya dube ni ya kaɗa hannu ya ce, “Meyo.” Shi injin kawai yake ƙerawa, ƙwayoyin ma daga waje aka aiko masa don ya nuna wa masu saye. Na zaga inda ake sayar da gawayi, na zaga wurin masu katako, har unguwar Tianhe na je ina nuna ƙwaya ɗaya a tafin hannu kamar mai neman magani. Kowa ya juya ta ya shinshina ya ce meyo. Kallon kitse na yi wa rogo, kuma duron da zan koma wa na riga na bayar da hannuna.

Haka muka ƙarasa azumin nan muka yi salla cikin sanyi. Muka sayi 'yar hita ta lantarki, tana kunnuwa wutar benen gaba ɗaya ta ɗauke, tsohuwa mai gidan ta hawo ta wanke mu tas da harshen da ba mu ji. Samun wani duro ba wuya ba ne. Amma wa zai fita da hantsi da igiya? Wa zai hawo da itace hawa biyar, ya zauna cire ƙusa? Kowa na da kasuwa, kowa na da kwat. Mutumin Kumasi, wanda ya fi kowa tafi ranar da aka kawo injin, shi ne ya riƙa cewa a gaban baƙi, “Massa ne ya kori Baba saboda akwatin ƙarfe.” Har yau in na tuna shi raina na ɓaci, kuma abin da ya fi ɓata mini rai shi ne gaskiya yake faɗa. Injin ya zama teburin ajiye makulli. Rabin buhun Kawu na jingine a bayansa, ba wanda ya iya zubarwa, ba kuma murhun da za a ƙona shi.

Sai bayan shekara biyu na je Kano na same shi a gidan babban ɗansa. Yana zaune a zaure a kan tabarma, idon ya rufe gaba ɗaya. Ya rame. Duk wanda ya wuce sai ya ce sannu Baba. Ina zaune aka kawo masa kwanon tuwo aka ajiye a gabansa, aka kama hannunsa aka nuna masa inda yake. Ya ture shi gefe ya ce sai an jima. Ya tambaye ni kasuwa, ya tambayi mutumin Kumasi da na Damagaram, ya tambayi ko tsohuwar nan mai gida na nan da faɗanta. Sai ya juyo da fuskarsa wajen muryata.

Ya ce, “Injin nan naka fa? Yana nan yana yi muku aiki?”

Abin da ya kamata in ce a fili yake. In ce Kawu, kwana shida ya yi bayanku ya mutu. In ce kun yi gaskiya, ƙwayoyin sun ƙare kuma babu su a garin. In ce mun sha sanyi kamar mu mutu, safarmu ta yi ta bashi, ba wanda ya ƙara shan shayi mai daɗi a gidan, kullum sai an ambace ku. Bai nemi komai a wurina ba duk tsawon rayuwarsa, kuma wannan kaɗai ce tsarabar da za ta yi masa amfani. Na kawo masa shadda da turare da agogon da ba zai gani ba.

Amma ɗansa na zaune, da wasu maƙwabta biyu da suka shigo ganin wanda ya dawo daga Sin. Na ji kunyar a ce na yi wauta. Na ce, “Yana nan, Kawu. Lafiya lau yake aiki.”

Ya gyaɗa kai a hankali. Ya ce, “To madalla. Ashe dai ban bar ku cikin wahala ba.”

Na ce a raina in na dawo baɗi zan same shi shi kaɗai in gaya masa. Kafin baɗin aka bugo mini waya ina cikin shago a Zhanxi, ina riƙe da takalmi ƙafa ɗaya. Ya tafi yana ganin ba mu taɓa jin rashinsa ba, kuma ni na gaya masa haka, har sau biyu.